Mota Ta Yi Ɓarna A Cikin Haraba: Wa Ke Yanka Tara, Wa Ke Biya?

Aikina kula da motocin wani siton hatsi ne a gefen hanyar Kano, gaba kaɗan da Kwangila a Zariya. Motocin kaya ƙirar Kanta uku gare mu da a-kori-kura ɗaya. Harabar a kewaye take da katanga, ƙofa ɗaya ce, kuma ba mai shiga sai maigadi ya rubuta lambar motarsa a littafi. A tsakanin mako shida mun bi matakai iri biyu a kan mota guda: na farko a kan ɓarnar da ta yi a cikin katanga, na biyu a kan takardar tara da aka yanka mata a wajen katanga. Zan jero yadda kowanne ya tafi, domin masu sito, masu makarantu, masu gidajen biki da masu garejin da ke Zariya da yawa suna ɗauka cewa da zarar mota ta shige ƙofa, doka ta tsaya a waje. Rabin maganar gaskiya ne, rabin kuma shi ke jefa mutane cikin asara.

Ga yadda ɓarnar ta faru. Kanta ce ɗauke da buhu 30 na masara, wato wajen tan uku, tana tsaye a bakin sito. Leburori suka nemi a matsar da ita kamu biyu ko uku don wata motar ta samu wurin lodi. Direba ya tafi salla. Yaron mota, wanda ba shi da lasisi, ya hau, bai tayar da inji ba, ya cire giya ya sauke birkin hannu, da nufin ta gangara kaɗan ya take birki. Daɓen harabar an yi shi da ɗan gangare saboda ruwan damina ya riƙa bin kwata. Abin da yaran mota da yawa ba su sani ba shi ne, birkin ƙafa na irin wannan mota yana samun taimako ne daga inji. Idan inji a kashe yake, taku ɗaya ko biyu ne kawai birkin zai yi laushi, daga nan sai ya sandare kamar dutse, sitiyari ma ya yi nauyi. Ya taka na farko ta ɗan rage, ya saki, ya sake takawa ya ji ba komai. Ta gangara da baya ta daki gaban Corolla ta wani Alhaji da ya zo sayen kaya. Bamba ta fashe, fitilar hannun direba ta tarwatse, bonet ya lanƙwashe, lagireto ya huje. Allah ya tsare, ba kowa a cikin motar kuma ba kowa a tsakaninsu.

Abin farko da muka yi shi ne hana kowa taɓa motocin. Wannan yana da wuya fiye da yadda ake zato, domin nan take mutane ke son a ja motar gaba a ga girman ɓarnar. Muka sa weji a tayoyin baya, aka ja birkin hannu, aka cire makulli. Sannan aka ɗauki hotuna: daga nesa yadda za a ga motocin biyu da bangon sito da ƙofa a hoto ɗaya, daga kusa a kan kowane wuri da ya lalace, lambobin motocin biyu, da ruwan lagireto da ya kwarara a ƙasa, saboda shi ke nuna daidai inda Corolla take tsaye lokacin da aka buge ta. Aka zana wurin tayoyi da gawayi. Na ɗauki hoton shafin littafin maigadi mai nuna lokacin da Alhajin ya shigo, na rubuta sunayen leburori uku da suka ga abin da idonsu. Duk wannan bai kai minti 20 ba, kuma daga baya kowane ofis da muka shiga shi ya fara tambaya.

Alhajin, cikin ɓacin rai, ya ce a kira 'yan rod sefti su yanka wa yaron tara don tuƙi ba lasisi. Na ce masa, "Ranka ya daɗe, haƙƙinka yana nan ba inda zai je, amma ba ta hannunsu zai fito ba." Dalilin kuwa a rubuce yake. Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, FRSC, an kafa ta ne a 1988, kuma dokar da take aiki da ita ta 2007 ta ce ayyukanta sun shafi hanyoyin jama'a. Laifuffukan da ke jadawalin dokar, irin su tuƙi ba lasisi mai tarar naira 10,000, rashin ɗaura bel mai naira 2,000, waya a hannu ana tuƙi mai naira 4,000, da tuƙin ganganci mai naira 50,000, an gina su ne a kan wanda ke tuƙi a hanya. Harabar da aka katange, aka sa maigadi, ba mai shiga sai da izini, ba hanya ba ce. Jami'in da ya san aikinsa ba zai shigo ciki ya rubuta takardar tara ba.

Amma a nan ne ya kamata a nutsu, don ma'aunin ba shi ne "wa ya mallaki filin" ba. Dokokin hanya da muka gada sun fassara hanya da cewa ta haɗa da duk wata hanyar mota da jama'a ke da damar bi. Damar shigar jama'a ita ce ma'auni, ba takardar mallaka ba. Saboda haka wurare sun kasu. Gidan mutum, gonarsa, sito irin namu, garejin kamfani mai ƙofa a rufe, waɗannan a fili suke, ba hanyar jama'a ba ne. Layin unguwa kuwa, ko da mutanen layin ne suka yi karo-karo suka zuba masa marmara a Hanwa ko Gyallesu ko Tudun Jukun, hanya ce, tunda kowa na bi ba tare da neman izinin kowa ba. Sai kuma na tsakiya: harabar gidan mai, wurin ajiye motoci na rukunin shaguna a PZ, tashar mota, hanyoyin cikin kasuwar Sabon Gari, titunan cikin manyan makarantu da asibitoci. Waɗannan suna da masu su, amma jama'a na shiga suna fita dare da rana. Shawarata ga direbobinmu ita ce su ɗauki irin waɗannan wurare tamkar kwalta. Wanda ya tsaya gardama cewa gidan mai na ɗan kasuwa ne, yana iya samun kansa gaban alƙali yana bayanin wurin da kowane mai babur da mai Keke Napep ke ratsawa don yanke hanya, kuma wannan bayani ba zai yi masa daɗi ba. Cikin jami'a kamar Samaru ko Kongo, ko asibitin koyarwa na Shika, akwai jami'an tsaron wurin da dokokinsu na gudu da ajiye mota, su ne za ka fara haɗuwa da su. Bariki kuma nasa tsarin daban ne, wanda ya shiga ya bi abin da aka gaya masa a ƙofa.

Mataki na biyu shi ne caji ofis. Mutane kan yi mamaki, su ce idan ba laifin hanya ba ne me ya kai mu wurin 'yan sanda. Abu biyu ne. Na ɗaya, ikon ɗan sanda bai tsaya a bakin kwalta ba. Dokar hukunta laifuffuka, wato Penal Code, ta Jihar Kaduna ta 2017 tana aiki a titi, tana aiki a tsakar gida. Wanda ya raunata mutum ko ya yi sanadin mutuwarsa ta hanyar ganganci ko sakaci, za a tuhume shi ko da a cikin garejin mahaifinsa abin ya faru. Da a ce akwai lebura a tsakanin motocin nan, da ba wannan rubutun nake yi ba. Na biyu, kamfanin inshora yakan nemi rahoton 'yan sanda, kuma ko sulhu za a yi, rubutaccen bayani na ranar da abin ya faru yana hana a sauya magana bayan mako biyu.

Muka tafi ni da Alhajin da yaron motar da direba. Sashen da ke kula da haɗurran mota aka tura mu. Suka karɓi bayanin kowa a rubuce, ɗaya bayan ɗaya. Wani jami'i ya biyo mu sito ya auna, ya zana taswirar wurin, mu biyu muka sa hannu a kai. A nan zanen gawayin ya yi amfani. Suka karɓi kwafin takardun motocin biyu: lasisin mota, takardar mallaka, takardar lafiyar mota, inshora, da lasisin direba. Aka ce jami'in duba mota, wanda har yanzu kowa ke kira VIO, ya gwada birkin kantar. Wannan gwaji ya amfane mu, domin ya tabbatar birki lafiya lau yake idan inji na aiki, wato matsalar ta mutum ce, ba ta rashin gyara ba. Da an samu birkin da lahani, da laifin ya ƙara nauyi a kan kamfani. Jami'in da ke riƙe da maganar ya faɗa mana a fili cewa tunda ba rauni, ba alamar ganganci da niyya, kuma ba a hanya abin ya faru ba, magana ce ta biyan ɓarna, mu je mu daidaita mu kawo masa a rubuce. Yana da kyau mutum ya san cewa dokar 'yan sanda ta 2020 ta hana a kama mutum don kawai ana bin sa bashi ko diyya ta farar hula. Amma kada a ɗauki wannan a matsayin dalilin ƙin zuwa bayar da bayani.

Mataki na uku, inshora, shi ne inda muka fi jin jiki, kuma laifin namu ne. Motar tana da inshorar da doka ta wajabta, wadda ke biyan ɓarnar da ka yi wa wani. Tun daga ranar 1 ga Janairu 2023 hukumar kula da inshora ta ƙasa, NAICOM, ta mayar da kuɗin wannan inshora naira 15,000 a shekara ga motar gida, daga naira 5,000, ta kuma ɗaga iyakar biyan ɓarnar dukiya zuwa naira miliyan 3. Motocin kaya nasu kuɗin ya fi haka. Kafin mu kira kamfanin sai da na duba ko takardar ta gaskiya ce, domin jabu sun yi yawa a hannun masu yi wa mutane takardu a bakin ofisoshi. Ana danna *565*11# a waya a sa lambar mota, ko a shiga shafin askniid.org. Tamu ta fito daidai.

Muka sanar da kamfanin a rana ta biyu, a rubuce. Suka turo fom, suka nemi hotuna, rahoton 'yan sanda, ƙiyasin gyara, da kwafin lasisin wanda ke kan sitiyari lokacin haɗarin. A wannan layi na ƙarshe maganar ta mutu. Ba su ce komai a kan cewa a cikin haraba abin ya faru ba, domin takardarmu ba ta ware haraba ba. Abin da ta ce shi ne, wanda ke tuƙi dole ya zama da izinin mai mota kuma yana da lasisin da ya dace da ajin motar. Yaron ba shi da ko ɗaya. Wani ya kawo shawarar a rubuta sunan direba a madadinsa. Na ƙi, kuma ina roƙon duk mai karanta wannan ya ƙi. Bayanin gaskiya yana caji ofis da sa hannun mutum huɗu, ga leburori uku da suka gani. Ƙarya a fom ɗin inshora zamba ce, tana mayar da maganar bamba da fitila ta koma maganar kotu, kuma direban da bai ji ba bai gani ba shi zai shiga ciki. Wannan ne ya fi damuna a duk lamarin: doka ba ta ci tarar yaron don rashin lasisi ba, amma rashin lasisin nan ne ya sa duk kuɗin gyaran ya dawo aljihun kamfani. Da direba mai lasisi ne ya yi kuskuren nan a daidai wurin nan, da muna da hujjar neman inshora ta biya.

Akwai kuma sharaɗi a yawancin takardun inshora cewa kada ka amsa laifi ko ka yi alƙawarin biya kafin ka sanar da su. Mu nan al'adarmu ce mutum ya ce "yi haƙuri Alhaji, zan gyara" tun ƙura ba ta lafa ba. Ba da haƙuri ba laifi, amma alƙawarin kuɗi a jinkirta shi har a ji daga bakin kamfanin.

Daga nan sai tambayar wa zai biya, yaron ko kamfani. A shari'ance, ma'aikaci idan ya yi ɓarna a cikin aikin da aka ɗauke shi, uban gidansa na ɗaukar nauyi. Matsar da mota don a yi lodi aikin sito ne, ko da ba a sa shi ba, kuma mu ne muka bar makulli a jiki. A addinance ma wanda ya lalata dukiyar wani yana ramawa, ko da kuskure ne. Mai siton ya fara nuna allon da ke bakin ƙofa mai cewa duk wanda ya ajiye mota ya ajiye ne a kan amanar kansa. Lauyan da muka tuntuɓa ya ce kada mu jingina da shi. Gaskiya ne a 2002 Kotun Ƙoli ta wanke wani otal a Owerri da aka sace motar baƙo a harabarsa, kuma akwai irin wannan allo a wurin. Amma can ɓarawo ne daga waje ya yi ɓarnar. Nan kuwa motarmu ce, ma'aikacinmu ne, a kan baƙon da muka buɗe wa ƙofa da kanmu.

Sai aka shiga ƙiyasi. Ƙa'idar da muka bi ita ce kowane ɓangare ya kawo nasa mai gyara, a duba motar tare, a rubuta kaya ɗaya bayan ɗaya. Wurin da aka fi samun saɓani shi ne sabo ko na Beljiyam. Motar ta haura shekara 15, fitilunta duka sun dushe, don haka aka daidaita a kan na Beljiyam mai kyau, da sharaɗin Alhajin ya gani ya yarda kafin a ɗaura. Lagireto kuwa muka ce sabo, domin wanda aka yi wa waldi yakan dawo da yoyo a zafin bazara, kuma idan inji ya ƙone daga baya maganar za ta dawo kanmu. Da aka kwance bamba sai aka ga ƙarfen da ke riƙe lagireto ya karkace, kwandensar iyakwandishan ma ta tsage. Ba a ganin waɗannan daga waje, shi ya sa ba a rufe ƙiyasi sai an kwance gaban mota. Muka ƙara da kuɗin janwe zuwa gareji, da kuɗin zirga-zirgar Alhajin na kwana tara da motar ta yi a wurin gyara. Mutane kan manta da wannan na ƙarshe, alhali shi ke sa mai mota ya ji an mutunta shi.

Takardar sulhun shafi ɗaya ce. Ta ƙunshi rana da wurin da abin ya faru, lambobin motocin, jerin kayan da za a canza da irinsu, sunan garejin, ranar da za a miƙa mota, da cewa kamfani zai biya mai gyara kai tsaye ta banki. Layin da ya fi muhimmanci shi ne wanda ya ce bayan Alhajin ya karɓi mota ya gwada ta na kwana bakwai bai kawo ƙorafi ba, magana ta ƙare, ba sauran bin juna. Shaidu biyu-biyu suka sa hannu. Kwafi uku: namu, nasa, da na caji ofis, inda aka rufe fayil. Da sulhun bai yiwu ba, hanyar da ta rage wa Alhajin ita ce ƙarar neman diyya, ko a kotun majistare ko a kotun shari'ar Musulunci tunda dukkanmu Musulmi ne. Yaron kuwa ba mu kore shi ba. An yanke masa wani abu kaɗan daga albashi na wata uku da yardarsa a rubuce, aka kuma sa shi a makarantar koyon tuƙi mai rajista, domin yanzu ba a samun sabon lasisi sai da shaidar irin wannan makaranta.

Mako biyar bayan haka sai ga ɗaya fuskar maganar. Lasisin wannan kantar ya ƙare, muna jiran a sabunta, don haka muka tsayar da ita tana aikin cikin haraba kawai, daga sito zuwa sito. Wannan ba laifi ba ne. Mota na iya shekara a cikin katanga ba takarda ko ɗaya. Sai tayar baya ta yi faci, direba ya ce bari ya leƙa wurin mai faci da ke gefen titi, tafiyar da ba ta kai mita 200 ba. Bai ɗaura bel ba saboda kusa ne. 'Yan rod sefti suna aiki a daidai wurin, suka tsayar da shi, suka rubuta laifi biyu: lasisin mota da ya ƙare, naira 3,000, da rashin bel, naira 2,000. Direban ya kira ni yana cewa ai bai ma hau kwalta sosai ba, a gefen ƙasa yake, gaban filinmu. Na ce ya karɓi takardar ya yi shiru, domin suna da gaskiya. Filin da ke tsakanin katangarka da kwalta ba naka ba ne. A manyan hanyoyin tarayya, gwamnati na riƙe da mita 45.72 daga tsakiyar hanya zuwa kowane gefe. Ko ka share shi, ka zuba masa tsakuwa, ka dasa darbejiya, yana nan a matsayin haƙƙin hanya. Iyakarka tana jikin taswirar filinka da ke KADGIS, hukumar rajistar filaye ta Jihar Kaduna.

Biyan tarar ba wuya idan an bi shi daki-daki. Jami'i ya ba da takardar sanarwar laifi mai lamba, ya riƙe takardun motar. Ba a ba jami'i kuɗi a hannu, ko ya kai nawa. Ana shiga Remita, shafin da ake biyan kuɗin gwamnati ta cikinsa, a waya ko a shagon masu kwamfuta, a zaɓi hukumar, a zaɓi biyan tara, a sa lambar takardar da sunan da ke jikinta da adadin kuɗin, sai ta fitar da lamba mai alƙaluma 12 da ake kira RRR. Da wannan lamba ake biya, a banki ko da kati. Kurakuran da na ga suna mayar da mutane baya guda uku ne: a rubuta sunan mai mota alhali sunan direba ne a takardar, a zaɓi wani nau'in biya daban kamar na lasisi, ko a biya laifi ɗaya a manta ɗayan. Kuɗin da ya shiga gurbin da ba nasa ba, dawo da shi ya fi sake biya wahala. Muka buga rasit kwafi biyu, direban ya kai ofishin da aka rubuta a takardar, ya zauna aka yi musu ɗan wa'azin kiyaye hanya tare da sauran waɗanda aka kama, aka tabbatar kuɗin ya shiga, aka ba shi takardunsa. Idan motar ce aka tsare, a hanzarta, domin bayan awa 24 akwai kuɗin ajiya na kowace rana. Wanda kuma yake ganin bai yi laifi ba yana da damar ƙin biya a kai shi kotu, biyan tarar zaɓi ne na kauce wa shari'a. Mu dai ba mu da abin faɗa a kotu. Washegari aka sabunta lasisin motar kafin ta sake leƙa ƙofa.

Wasu direbobi kan kawo hukuncin da Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Asaba ta yanke a 2023, wanda ya ce aikin FRSC a hanyoyin tarayya yake, ba na jiha ko ƙaramar hukuma ba. Hukuncin na nan, hukumar kuma ta nuna ba ta gamsu da shi ba. Amma a Zariya ba zai fisshe ka sosai ba. Hanyar Kaduna zuwa Kano ta tarayya ce, haka wadda ta ratsa Samaru zuwa Funtuwa, haka hanyar Jos. Idan ka sauka daga kansu ka shiga titunan cikin gari kuma, ga 'yan KASTLEA, jami'an kula da dokokin hanya na jiha, ga 'yan sanda. Bambancin kawai wane asusu kuɗin zai shiga.

Akwai tambayar da masu haraba ke yi mini: shin mu ma za mu iya cin tarar wanda ya karya dokarmu a ciki? Tara irin ta hukuma, a'a, wannan sai wanda doka ta ba iko. Abin da kake da shi shi ne ikon mai wuri. Za ka iya kafa sharaɗin shiga, ka rubuta shi ƙarara a ƙofa, ka hana wanda ya saɓa sake shigowa, ka sa shi cikin yarjejeniyar 'yan haya ko ma'aikata inda suka sa hannu. Sace iskar taya, fasa gilashi, ko kulle mutum a ciki har sai ya biya, waɗannan suna iya juyewa su zama laifi a kanka. Idan wani ya toshe maka ƙofa ya ƙi matsawa, kira hukuma ya fi.

Haka batun koya wa yaro mota a fili. A cikin gona ko haraba mai katanga, da izinin mai wurin, ba wanda zai tambaye ka takardar koyo. Amma filin idi ko filin ƙwallon makarantar firamare da yara da masu babur ke ratsawa ba keɓantaccen wuri ba ne, kuma hanyar zuwa can titi ce, dole mai lasisi ya kai motar ya dawo da ita. Wanda zai koya a kan titi sai ya kai shekara 18, da takardar izinin koyo, da jan harafin L gaba da baya, da mai lasisi a gefensa. Ko a cikin katangar ma, idan ɗan shekara 14 ya take wani, wanda ya miƙa masa makulli ba zai tsira da cewa gidansa ne ba, inshora kuma ba za ta biya ko kwabo ba.

A sitonmu yanzu makullan motoci suna rataye a ofis, ba a jikin mota ba, kuma ba mai ɗauka sai wanda kwafin lasisinsa ke cikin fayil, ya sa hannu da lokaci. Kowace mota tana da weji biyu na katako, ana sa su kafin lebura ya ɗora buhun farko. Ba a motsa mota sai inji na aiki, ba a yin ribas sai da mutum a ƙasa ta hannun direba inda zai gan shi a madubi, idan ya ɓace daga madubi a tsaya. Motocin baƙi an mayar da su gefen ƙofa, sama da gangaren, an ja musu layi da farin fenti. A bangon ɗakin maigadi kuma an manna takarda mai ranakun ƙarewar lasisi, inshora da takardar lafiyar kowace mota, kuma an ba shi umarni a rubuce cewa motar da ranarta ta wuce kada ya buɗe mata ƙofa, ko ni ne a kan sitiyari.